Kada Ka Juyo

"Mai aikin ruwa? Ni zan ba mai aikin ruwa 'yata?"

Baba ya ture kofin shayinsa gefe. Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofar falo, hawaye na ɗiga a kan gwiwata.

"Baba, ba wasa yake yi da ruwan ba... tsaron mutane yake yi."

"Auta, tashi ki ba ni wuri."

Duk gidanmu an san tsakanin Baba da ruwa. Tun ina goye kogi ya tafi da Yayana, ɗansa namiji tilo, ban ma san fuskarsa ba sai a hoto. Daga ranar ko baho Baba bai yarda a bari cike a tsakar gida ba. Sai ga shi zuciyata, da ba ta jin magana, ta rasa wanda za ta ɗauko duk faɗin gari sai mai ceto a wurin wasan ruwa. Ƙawayena Mai Usur suke ce masa, saboda usur ɗin da ba ya barin wuyansa. Ya turo manyansa, Baba ya ce su dakata. Na san in ya furta a'a sau ɗaya, shi ke nan, don ba zan taɓa auren da babu albarkarsa ba.

Umma ce ta sa baki, cikin sanyin muryar nan tata da ke karya ƙarfe.

"Malam, kai ne kullum kake cewa a bakin aikinsa ake sanin mutum. Ka je ka gan shi mana. In bai yi maka ba, ni da kaina zan rarrashe ta."

Baba kafinta ne, kuma ba ya son a kama shi da maganarsa. Sai ya ce, "Gobe. Kuma kada a gaya masa."

Ban taɓa shiga wurin ba, don Mai Usur ya ce ba zai sa in saɓa wa Baba ba. A bakinsa kawai nake jin labari, har ina ce masa ya cika ƙarin gishiri. Ashe rage mini ma yake yi.

Washegari ni da Baba muna wuce ƙofar wurin na tsaya cak. Wasu manyan bututun zamiya ne suka tashi sama, sun fi bene tsawo, ja da shuɗi da rawaya, sun nannaɗe juna kamar zaren da yaro ya hargitsa. Mutum zai shiga ta can ƙololuwa ya ɓace, ka ji muryarsa tana zagayawa a ciki, sai ka ga ƙasan ya tofo shi cikin tafki yana dariya. Ruwan ma hawa sama yake yi kafin ya gangaro. Ni kuwa na tashi ina jin ruwa gangara kawai ya sani.

"Ikon Allah," in ji Baba a hankali. Ya ɗaga kai har sai da ya dafe hularsa. Idon kafinta ne, na ga yana bin ginshiƙan yana neman inda aka haɗa su.

A ƙarƙashinsu kuma ga kogin da suke kira Malalaci. Kogi ne da hannu ya gina, ba shi da mafari ba shi da ƙarshe, zagaye wurin kawai yake yi ya dawo inda ya taso. Ruwan garau, kana hango tayil ɗin ƙasansa. Mutane kwance a kan tayoyin roba, har da wata tsohuwa da ta lumshe ido, ruwan na tafiya da su a hankali kamar uwa tana jijjiga goyo. Duk wanda ya wuce ta gabanmu, in muka ɗan jira, sai ga shi ya sake ɓullowa.

"Wannan yana dawo da su..." Baba ya faɗa, kamar da kansa yake.

A nan na hango shi, tsaye a bakin wata kwana, jar riga, usur a wuya, dogon abin ceto a hannu.

Baba ya ƙarasa ya yi sallama.

Na ga kafaɗun Mai Usur sun motsa, ya gane muryar. Ya amsa cikin ladabi, ya ce, "Barka da zuwa, Baba. Ina wuni? Ya gida, ya Umma?"

Amma bai durƙusa ba. Bai ma juyo ba. Kansa na tafiya daga dama zuwa hagu a kan ruwan, ya koma, ya sake dawowa.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau ga wanda nake kuka a kansa yana gaida mahaifina da ƙeya.

Fuskar Baba ta haɗe. "Auta, wannan ne mai tarbiyyar da kike faɗa? Mu tafi."

"Don Allah ka juyo," na ce. "Baba ne fa... ka juyo ko sau ɗaya!"

"Ba zan iya ba, sanyin idona," ya ce, na ji yadda maganar ke yi masa ciwo. "Baba, ka gafarce ni. Dokar aikin ce, ba a ɗauke ido daga ruwa sai an zo an karɓe ka. In an karɓe ni zan zo har ƙasa in gaishe ka."

Baba ya tsaya. "Ko mahaifinka ne ya zo?"

"Ko shi ne."

"Ko a kan haka za ka rasa yarinyar nan?"

Idon Mai Usur dai na kan wasu yara biyu da taya ta kawo kwanar.

"Zan yi kuka, Baba, amma ba zan juyo ba. Mutane sun ɗauka mai nutsewa ihu yake yi. Ba ya ihu. Shiru yake tafiya, kafin ka gama amsa gaisuwa."

Baba ya zauna a kan dakalin bakin ruwan, shi da ko kusa da rijiya ba ya tsayawa.

"Na sani," ya ce. "Wallahi na sani."

Na durƙusa kusa da shi. Bai dube ni ba.

"Ranar ina riƙe da rigar Yayanki, yana wasa a bakin kogi, ruwan iya gwiwarsa. Wani dattijo ya yi mini sallama ta baya. Na ga rashin kunya ne in amsa ban juya ba, na juya, na ba shi hannu, na tambaye shi iyali..." Sannan ya ce, "Ko 'Baba' yaron bai ce ba."

Ban taɓa jin wannan ba. A gidanmu cewa kawai ake yi kogi ya tafi da Yaya. Na kifa kaina a kafaɗarsa ina kuka, tausayinsa ya cika ni, tare da mamakin yadda ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai tsawon rayuwata.

Mai Usur ma hawaye yake yi, yana saurin share su da bayan hannu don kada su tare masa gani. Na ga wuyansa ya fara karkatowa wajenmu.

"A'a," Baba ya ce da ƙarfi. "Kada ka juyo, ɗana. Tsaya yadda kake."

Ya tsaya.

"Ka ce wa manyanka su dawo. Na ba ka ita."

"Baba..." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, yana kallon ruwa.

Ni dai dariya da kuka suka haɗe mini. Wace budurwa aka taɓa bayarwa ango ya juya mata baya? Na ce masa, "Za ka biya ni kallon nan, ka ji ko?"

"Har ƙarshen rayuwata," ya ce.

Baba ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su gefe a jere. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya zura ƙafafunsa cikin Malalaci a hankali. Muka zauna muna jiran a zo a karɓi surukinsa, tsohuwar nan ta sake zagayowa ta gabanmu, har yanzu idonta a lumshe.