Silifas Ɗin Farfesa Nagakura

Ranar Litinin da safe aka kira Sufeto Hamasaki zuwa wata jami'a a birnin Sendai na ƙasar Japan. An sace ƙaramar kwalba daga firijin ɗakin binciken Farfesa Nagakura, ga laccarsa ta bankwana ta matso.

Da kwalbar nan Farfesa ya yi suna. A cikinta ne aka ce ƙwayoyin halitta sun warware lissafi kamar kwamfuta, kuma wasu masana na tafe daga Kyoto su sake gwadawa.

Sufeto ya tuɓe takalmi ya shiga, ya tarar da Farfesa da ma'aikatansa biyu. Ba a fasa komai ba, har firijin an mayar an rufe ruf. Kai, ɓarawo mai tausayin kayan mutane!

"Wa ya fita ƙarshe ranar Juma'a?"

"Ni ce," in ji Dakta Ebihara, mai kula da ɗakin. "Na goge ƙasa, na zuba silifas ɗin da kowa ke sawa a ɗakin a kwando. Amma yau ni na fara zuwa, na tarar da na Malam a jere bakin ƙofa."

Sufeto ya juya ga Dakta Okitsu, mataimakin Farfesa tun yana saurayi, yanzu har ya yi furfura.

"Ka leƙo nan a ƙarshen mako?"

"Ina fa, yallaɓai! Ina gidan surukaina."

"To wa ke jera wa Farfesa silifas?"

"Ai Dakta Okitsu kaɗai," in ji Ebihara. "Ko taɓawa ka yi sai ya harare ka."

Okitsu ya sunkuyar da kai. "Hannuna ne ya saba, ban san na yi ba. Na zubar da kwalbar, Malam. Gwajin nan bai taɓa yi ba, ni na gyara sakamakon. Na kasa bari a kunyata ka a gaban mutane."

Farfesa ya dube shi.

"Na sani, Okitsu. Tun ranar da ka kawo sakamakon na ga ya cika kyau. Na ƙi tambayarka, don ina son a ba ni lambar yabo. Ni na bar ka da kayan nan kai kaɗai."

Sufeto ya kama hannun Okitsu suka nufi ƙofa. Farfesa ya riga su isa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauko takalman mataimakinsa, ya jera masa su a gabansa.