Hoton da Ke Bangon Asibiti

Tun kafin Sista ta gama durƙusawa ta san da matsala. Mama, mahaifiyar saurayinta, ta ture tiren waken da take tsincewa gefe, ta ƙura mata ido.

"Ɗago fuskarki in gani. Wannan tabon na goshi... Kai, Auta! Ba ita ce 'yar hoton nan ta asibitin coci ba?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ita ce, Mama, amma ai yanzu nas ce, ita ke kula da..."

"Rufe min baki! Duk 'yan matan duniya ka rasa wadda za ka kwaso sai wadda aka yi bara da haƙarƙarinta?"

Sista ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hoton kuwa ba wanda bai san shi ba. Shekarar da fari ya cinye ƙauyukan kan dutse, masu agaji na coci suka tsince ta a gefen gawar uwarta, ƙashi da fata, ciki ya kumbura, suka ɗauke ta hoto don neman taimako. Su suka raine ta, suka sa ta makaranta. Yanzu hoton na rataye a ɗakin yara masu tamowa, daidai saman teburin da take aiki. Auta kuma shi ne direban motar asibitin, a kan hanyar ƙauyukan mai ramuka soyayyarsu ta ƙullu.

"Ga sharaɗina," in ji Mama. "A sauke hoton nan a ƙone shi. Ba za a riƙa nuna min suruka tsirara a bango ba. In ba haka ba, wallahi ba da yawuna ba!"

A hanyar komawa Auta ya yi ta lallashi. "Sori, Sista. Ƙusa ɗaya ce fa ke riƙe da shi. Ni da kaina zan cire, shi ke nan an wuce wurin."

Sista ta share hawaye. Ai ita ma ba son hoton take ba! Tun tana 'yar makaranta ake mata waƙa da shi. Ta je wurin Fasto tana fatan ya hana, ta huta da zaɓi, sai bawan Allah ya ce, "Hotonki ne, 'yata. In kin ce a sauke, yau za a sauke." Ya bar ta da kayanta a ka.

Washegari ta hau kujera, hannunta har ya taɓa firam ɗin, sai ga wata mata daga kan dutse tana saɓa ɗanta a baya za ta gudu da shi.

"Ina za ki, baiwar Allah? Ba a gama masa magani ba."

"Bar ni, Sista. Wannan ba mai tashi ba ne. Gara ya cika a ɗakina."

Sista ta sauko. Ta kama hannun matar, ta nuna mata hoton, sannan ta ɗora yatsar matar a kan tabon goshinta. "Wannan ni ce. Naki ya kai ni lalacewa?"

Matar ta dubi bango, ta dubi Sista, ta kwance goyon ta zauna. Haka ake yi kusan kullum. Abin da allura da wa'azi suka kasa, hoton nan ke yi.

Da Auta ya zo da yamma ta ce, "Ba zan iya ba."

"Ni da hoto, hoto kika zaɓa?"

"Ban zaɓi kowa ba, Auta! In na sauke, mata za su riƙa kwashe 'ya'yansu. In na bari, na rasa ka. Ka faɗa min inda zan sa kaina!"

Auta ba zai saɓa wa uwarsa ba, ba zai iya rabuwa da Sista ba. Damina ta shigo ta wuce suna aiki a mota ɗaya, shi a gaba, ita a baya da marasa lafiya, daga "sannu" sai "sauke mu a nan". Sista ta rame har iyayen yaran suna mata tsiya cewa ita ma a ɗora ta a sikeli. Da safe ta yi addu'a, ta share ido, ta zauna a ƙarƙashin abin da ya hana ta aure.

Rannan motar ta shigo a guje. Auta ya fito riƙe da ɗan yayarsa, gudawa ta tsotse yaron har ido ya faɗa. Mama na biye ba ko ɗankwali.

"Wayyo, jikana ya tafi! Ku ba ni shi mu koma gida!"

Sista ta karɓe shi daga hannun Auta. Ta sa wa yaron ƙarin ruwa, ta jawo kujera ta ajiye wa Mama, kuma ba wata kujera a ɗakin sai wadda ke fuskantar hoton. Matar nan ta kan dutse, da ta kawo ɗanta awo yana ta ƙiriniya, ta dafa kafaɗar Mama.

"Haba, Iya, daina kuka. Kin ga waccan ta bango? Ga ta can tana yi wa jikanki allura."

Mama ta ɗaga kai. Kwana da kwanaki ta yi a kujerar nan, idonta daga hoto sai Sista, har ranar da yaron ya buɗe baki ya nemi abinci. Sai ta fashe da kuka, ta riƙo rigar Sista.

"'Yata, ki yafe min. Abin da na kira abin kunya, shi ya riƙe ni a ɗakin nan."

Auta ya leƙo daga ƙofa. "To Mama, in ɗauko guduma in cire ƙusar?"

"Ka taɓa ka gani, ja'iri! Wata ƙusar za ka nemo."

Bayan biki Mama da hannunta ta rataye hoton auren a gefen tsohon, ta ja da baya tana gyara shi. Wanda Allah ya ɗaga daga ƙasa ba abin gori ba ne, kuma haƙurin Sista bai faɗi a banza ba. Yanzu in uwa ta saɓa ɗanta za ta gudu, hotuna biyu ake nuna mata.