Shafin da Ke Rubuta Kansa

"Sakar mini riga, Vicky!"

Shekari bai taɓa yi mata tsawa ba sai yau. A bakin asibiti suke tsaye a Sabon Tasha, rana tsaka, 'yan keke har rage gudu suke suna kallo.

"Shekarina, don Allah ka saurare ni..."

"In saurari me? Yayana Jonathan ya mutu da safe! Fasto da dattawa suna hanya za su zaunar da Mama, su yi mata addu'a, su faɗa mata a hankali. Ke kuwa kin riga kowa. Kin sa sunansa a shafinki, har da hoton motar!"

"Ban..."

"Ba ki me? Ba ke kike rubutawa ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ya fizge rigarsa ya koma ciki, inda ake ƙara wa mahaifiyarsa ruwa.

Ga yadda abin ya faro. Vicky ta karanta aikin jarida, ta gama, ta yi ta yawo ba aiki. Sai ta buɗe shafinta a intanet, da hotonta da sunanta a sama. Da farko tana rubutu, daga baya ta gaji. Ana nan ta gano cewa akwai 'yan layuka da mutum zai kwafo ya manna a shafinsa, shi ke nan, duk labarin da manyan shafuka suka saka sai ya faɗo nasa da kansa, ko da barci yake yi. Ta zaɓi labaran Kudancin Kaduna ta manna. Sunan masu labarin yana fitowa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ta goge shi.

Wannan sata ce. Babu wani suna mai daɗi da za a ba ta.

Shekari, saurayinta, makanike ne a Kakuri, bai san kan waɗannan abubuwa ba.

"'Yar jaridata!" in ji shi wata rana. "Ke yaushe kike barci? Tun asuba na ga kin saka labari."

A nan ya kamata ta faɗi gaskiya. Amma kallon da yake yi mata ya yi mata daɗi.

"Aiki ne, Shekarina," ta ce.

Daga nan kullum sai ya karanta wa mahaifiyarsa. Mama, wadda citta take sayarwa a kasuwa, ta cika layinsu da cewa surukarta 'yar jarida ce. Iyaye sun gana, an sa ranar aure a coci.

Safiyar da motar Jonathan ta kife a hanyar Kachia, Vicky tana wurin kitso, wayarta cikin jaka. Shafin bai san Jonathan ba. Bai san Mama na da hawan jini ba. Ya ɗauko labarin ya ajiye ƙarƙashin hotonta tana murmushi.

Philomena ce ta fara gani. Rumfar uwarta na jikin ta Mama, kuma ta daɗe tana son Shekari. Ba ta jira kowa ba, ta miƙa waya.

"Mama, sannu da haƙuri... Ashe ba ki ji ba? Ai surukarki ta rubuta."

Mama ta faɗi tsakanin buhunan citta.

Da Vicky ta koma gida daga asibiti, ta cire layukan nan. Shafin ya zama fayau, sai hotonta kaɗai. Ta daɗe tana kallonsa. Abin da ta mallaka ke nan.

In ta yi shiru, ita ce marar imanin da ta yi tallar gawar yayan wanda za ta aura. In ta yi magana, ita ce maƙaryaciya kuma ɓarauniya. Ko wanne ta ɗauka, tana iya rasa Shekari.

Ranar da aka sallami Mama, Vicky ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan makoki. Matan zumuntar coci sun cika tsakar gida suna waƙa. Tana shiga waƙar ta mutu.

Anti Rebecca, ƙanwar Mama, ta miƙe.

"Kin zo ɗaukar hoto ne? Ko wani labarin kike nema?"

"Anti, na zo..."

"Ni ba antinki ba ce! Aure kuwa ki manta. Ba za mu ajiye rediyo a cikin gida ba."

Philomena tana gefe tana raba ruwa, kanta ƙasa kamar mutuniyar kirki. Shekari na tsaye bakin ƙofa, bai ko ɗaga ido ba.

Vicky ta durƙusa gaban Mama.

"Mama, ba ni na rubuta ba."

"To wa?" in ji Anti Rebecca.

"Ba kowa. Na'ura ce take kwasowa daga shafukan wasu, ni na haɗa ta." Ta ɗago ta dubi Mama. "Duk labaran da Shekari yake karanta miki... ko ɗaya ba nawa ba ne. Ƙarya na yi. Ba ni da aiki, Mama. Kunya nake ji ya san ba ni da komai."

Wata ta ce, "Kai!" Wata ta yi tsaki. Vicky ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

"Har asubar da kike cewa kina tashi?" Shekari ne, a hankali.

"Barci nake yi..."

Mama ta dube ta da kumburarrun idanu.

"Ke nan lokacin da sunan ɗana ya hau wurin nan, babu wanda ya yi masa kuka?"

"Babu, Mama."

"Ko Allah ya ji ƙansa ba a ce ba?"

Vicky ta kife fuska a ƙasa tana kuka.

"Tashi," in ji Mama. "Kin yi ƙarya, kin kuma faɗa da bakinki gaban mutane. Akwai wadda ta gani da idonta, ta san ban ji ba, ta kawo mini har rumfa. Ita har yanzu ruwa take rabawa."

Kofi ya suɓuce daga hannun Philomena.

Mama ta ci gaba: "An ce kin yi makarantar rubutu. Gaskiya ne, ko shi ma ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"To za a karanta tarihin Jonathan a coci ranar jana'iza. Ke za ki rubuta. Ba na'ura ba."

"Yaya!" in ji Anti Rebecca.

"Ni na haife shi, Rebecca."

Vicky ba ta san Jonathan sosai ba, dole ta bi mutane. Ta je tasha wurin direbobi abokan aikinsa, wasu suka juya mata baya, ta tsaya har suka yi magana. Ta zauna gaban Anti Rebecca ta sha zagi kafin ta samu labarin yarintarsa. Ta ji yadda yake tsayawa a hanya ya ɗauki tsofaffi masu kaya a ka, da yadda ya bar makaranta don Shekari ya koyi sana'a. Ta rubuta, ta yaga, ta sake.

Ranar jana'iza ta tsaya gaban coci ta fara karantawa. Ba ta ɗaga kai ba har ta gama. Da ta zo kan labarin tsofaffin nan, wani direba ya fashe da kuka a baya.

A waje, Shekari ya same ta jikin bango.

"Wannan ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Duka?"

"Duka. Akwai kurakurai a ciki..."

"Na ji su. Kin ce gyaɗa yake so, alhali rogo ne." Ya share ido da bayan hannu. "Kin ba ni kunya, Vicky. Na yi ta yawo da ke a baki."

"Na sani."

"Da kin ce mini ba ki da komai, kina tsammani guduwa zan yi? Ni da kullum hannuna cikin baƙin mai?"

Ta dubi hannun nasa, ta girgiza kai.

An ɗaga auren sai bayan makoki, Anti Rebecca kuwa ba ta daina harara ba har ranar. Shafin yana nan. Yakan yi kwanaki ba sabon abu, masu leƙawa sun ragu ƙwarai. Da safe Shekari yakan duba wayarsa ya ce, "'Yar jaridata, yau ma ba labari?"

"Babu," takan ce. "Ban rubuta ba tukuna."