Waƙar Busan Ba Ta Sayarwa Ba Ce

"Ka ce musu a'a?! Tae-gon, kanka ɗaya kuwa?"

Ya jingine jitarsa a jikin kwandunan kifin Babana, ya kasa haɗa ido da ni.

"Hye-rim, so suke mu cire sunan Busan daga waƙar, mu sa na ƙungiyar ƙwallonsu ta birnin Seoul, sannan su ɗauke mu aiki..."

"To sai me? Baba ya rantse ba zai ba makaɗi marar aikin yi 'yarsa ba. Ga aiki ya zo har gida ka kore shi!"

"Haba zuciyata... waƙar nan ba tamu ba ce mu kaɗai. Ta 'yan dakon tashar jirgin ruwa ce, ta matan kasuwar nan ce. Da wane ido zan kalle su?"

Na juya masa baya ina kuka.

Su huɗu ne masu kiɗan rok ɗin. Tun suna 'yan makaranta suke yi wa ƙungiyar ƙwallon besbol ta garinmu Busan kiɗa, ta ci ko a ci ta, har waƙarsu ta zama taken 'yan kallo. Babana na cikin masu rera ta, amma ko gaisuwar Tae-gon ba ya amsawa.

Ashe Baba yana bayan rumfa yana fere kifi, komai a kunnensa.

Ranar Asabar ya ce in rufe rumfa mu tafi filin wasa.

Aka yi ta cin mu, jama'a suka yi jugum. Sai ganga ta tashi, jitar Tae-gon ta bi ta. Kafin ka ce me, filin gaba ɗaya ya miƙe yana kiran sunan Busan! Na waiga, na ga Baba yana waƙa da dasasshiyar muryarsa, hawaye na bin kumatunsa.

Duk da haka ba mu yi nasara ba.

Ana tashi Baba ya ratsa mutane har gaban Tae-gon.

"Kai, mai gashi kamar tsintsiya!"

"Na'am, Baba..."

"Seoul ta kira ka, ka ƙi?"

"Na ƙi, Baba."

"Wawa kawai..." Muryarsa ta karye. "Irin wawan da nake so a gidana. Ka turo iyayenka."

Tae-gon ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa jitar. Ni kuwa na kama hannunsa a gaban kowa, muka fito muna taku kamar mu muka ɗauki kofi.