Inda Gwal ɗin Ammatu Ya Tafi

Ammatullahi na durƙushe a tsakar gidansu da ke Gomari tana cuɗa turaren wuta na sayarwa, sai wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk danƙo, don haka ta ce da mijinta Tahir ya ɗaga ya sa a sifika. Muryar mahaifiyarta, Hajja Ruƙayyatu, ta cika gidan.

"Ammatu, bikin ƙanwarki Siddiƙa saura kwana tara. Gobe ki kawo sisin gwal ɗinki huɗun nan a haɗa da na yayyenki, maƙeri na jira."

Haka ake yi a gidan su Hajja tun kakanni. Idan za a aurar da yarinya, kowace yayarta takan kawo gwal ɗin sadakinta a jera a sarƙa ɗaya, amarya ta sa ranar biki, bayan an watse kowa ta karɓi abinta. Da wannan ake nuna wa dangin ango cewa 'ya'yan gidan na zaune lafiya a ɗakunansu, ba wadda miji ya cinye wa sadaki.

"To, Hajja," in ji Ammatu. Wayar ta mutu, ita kuwa ta bar hannunta cikin roba ba ta ƙara motsi ba.

"Lafiya?" Tahir ya tambaya.

"Gwal ɗin saura biyu."

Bai ce ina sauran ba, don ya san inda suka tafi. Shekara biyu ke nan, lokacin yana direba a wata ƙungiyar agaji, aka buɗe wa motocinsu wuta a kan hanya, abokin aikinsa ya cika a kujerar da ke gefensa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Jirgi in ya taso daga filin da ke bayan unguwarsu, sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa masa riga. Inshorar ƙungiyar ce ta haɗa shi da Dokta Phebe Dzarma, likitar da ke zama da masu damuwa tana jin ta bakinsu a ofishinta mai zaman kansa. Ya fara samun sauƙi ke nan kwangila ta ƙare, inshora ta tafi tare da ita. Zama ɗaya dubu talatin, kowace Talata.

Asibitin gwamnati na nan da sauƙin kuɗi, amma Tahir ya rantse ƙafarsa ba za ta taka can ba. A gan shi a layi, gobe gari ya ɗauka mijin Ammatu ya taɓu? Sai Ammatu ta riƙa sa masa kuɗin a aljihun riga kowace Talata, tana cewa turare na tafiya. Kada mu yi wa juna ƙarya, mutumin da ya san farashin kwalbar turare ya san ba ta nan kuɗin ke fitowa ba. Wata goma sha ɗaya yana karɓa yana kau da kai.

Kunya ta rufe shi, ta kuma sa ya faɗi abin da ya fi muni. "Ki ce... ki ce sun ɓace wajen tashi daga tsohon gida."

Ta ɗago ta dube shi. "Yallaɓai, ƙarya ba zan yi wa Hajja ba. Amma maganarka ba za ta fita daga bakina ba, ko me za a yi mini."

Washegari ta yafa laffayarta ta tafi gidan Hajja da ke Old Maiduguri da gwal biyu, ba ta dawo ba. Da la'asar yayanta Babakura ya kira, shi ne ke tsaye a madadin mahaifinsu da ya rasu.

"Hajja ta riƙe ƙanwata. In kana da bakin magana, ka san hanyar gidan."

Kwana uku Tahir na zagaye tsakar gida. Sau biyu yana sa hula ya kai bakin titi, ya dawo. Yana son matar nan kamar ransa, ga shi ya bar ta ita kaɗai ana titsiye ta a kan laifinsa. Wallahi ko madubi ba ya iya kallo.

Ranar Talata ya je wurin Dokta Phebe hannu rabbana, da nufin sallama. Ya kwashe komai ya faɗa mata kansa a ƙasa.

Ta ce, "Malam Tahir, tun watan da inshorarka ta tsaya na ce maka zan rubuta maka takarda zuwa wurin abokin aikina a asibitin gwamnati. Na ce ko mu koma sau biyu a wata. Me ka ce mini?"

"Na ce kuɗi ba matsala ba ne."

"To ka gani. Kuɗin da kake kawowa, rabi na magani ne, rabi na ɓuya. Zaman yau na yafe. Amma abin da ke jiranka a gidan surukarka, ba ni zan yi maka shi ba."

Daga nan bai koma Gomari ba. Ya tari keke napep zuwa Old Maiduguri. Gidan ya cika da mata ana daka ana kwaɓa lalle, sallamarsa ma da ƙyar aka amsa. Aka shigar da shi ɗakin Hajja. Ammatu na zaune a ƙarshen tabarma idanunta sun kumbura, Babakura na tsaye bakin ƙofa. Tahir ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe da Hajja.

"Riƙe gaisuwarka," ta ce. "Kwana uku ina tambayar yarinyar nan, ta zama kurma. 'Ya'ya mata huɗu na aurar, ba wadda aka taɓa wa sadaki sai ita. Ko ka faɗa mini inda gwal ya tafi, ko ka ba ta takardarta yau."

"Ai a bayyane yake," in ji Babakura. "Ko bet ɗin ƙwallo ne, ko wata ce a waje. Mutum ba aiki, amma kowace Talata sai ya ci ado ya fita — an gaya mini."

Ammatu ta girgiza wa Tahir kai a hankali, alamar kada ya tilasta wa kansa. Abin da ya karya shi ke nan. Har a nan, ana batun raba su, shi take karewa. Ya zaro katin ganin likita daga aljihu ya ajiye gaban Hajja.

"Hajja, ba ni da lafiya. Ba ta jiki ba — ta kai. Tun harin nan ban ƙara barcin kirki ba. Likita nake gani, kuɗinta kuma Ammatu ke biya. Na sani, na yi kamar ban sani ba. Akwai inda zan je da araha, na ƙi, don kada a gan ni. Har cewa na yi ta yi miki ƙarya, ta ƙi. Ba ta da laifi ko kaɗan. Ni ne na fi jin kunyar mutane a kan kunyar matata."

Hawaye suka zubo masa gaban surukarsa, bai ma iya sharewa ba.

Babakura ya yi tsaki. "Au, wato taɓaɓɓe muka ba wa —"

"Yaya!" Karon farko ke nan Ammatu ta buɗe baki. "Sadakin nan nawa ne, addini ya ba ni. Da ƙafarsa ce ta karye na sayar na kai shi wurin ɗori, da albarka za ku sa mini. Mijina yanzu yana barcin awa biyar, da ko biyu ba ya yi. Ban yi asara ba."

Hajja ta ɗauki katin tana jujjuya shi, ko da yake ba ta karatun boko. Can ta ce, "Babakura, fita ka ja mana ƙofa."

Da ya fita, ta matso ta rage murya. "Ɗana, in ka rufe ido, kana ganinsa? Shi abokin naka?"

"Ina ganinsa, Hajja."

"Har da warin hayaƙin?"

Tahir ya ɗago da sauri. Tsohuwar ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza.

"Tun ranar da muka gudo daga Bama muka bar mahaifin yaran nan a kwance," ta ce, "fiye da shekara goma ke nan, ban faɗa wa kowa ba. Na sha rubutu, na yi sadaka, na ce ƙarancin imani ne ke damuna. Na ɗauka ni kaɗai ce a duniya." Ta share ido. "Wannan ciwon, ashe yana da likita? Suna duba tsofaffi?"

Ammatu ta rarrafa ta faɗa jikin uwarta. Ita da take ganin ta san Hajja ciki da bai, ba ta taɓa sanin wannan ba. Ranar da yamma ta bi mijinta gida, Hajja da kanta ta rako su har bakin titi.

An yi bikin Siddiƙa da sarƙar da ta gaza ta yayyenta tsawo. Masu ƙirga kayan mutane sun ƙirga, sun yi gulmarsu, sun gaji. Babakura ya yi sati biyu yana kumbure-kumbure, daga baya shi ya samo wa Tahir tuƙin motar wani ɗan kasuwa, bai dai taɓa furta kalmar haƙuri ba.

Ciwon zuciya da na kai ciwo ne kamar kowane, neman maganinsa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ɓoye ciwonsa ya bar mai ƙaunarsa na biyan kuɗin ɓuyar. Mace mai haƙuri da riƙon amana kuwa, Allah ba ya barin ta ta taɓe.

Dokta Phebe ta rubuta takarda biyu maimakon ɗaya. Ranar Litinin da safe, su uku suka zauna a kan dogon benci a asibitin gwamnati, cikin jama'a, Ammatu a tsakiya. Da ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunan Ruƙayyatu, tsohuwar ta kasa tashi, ta ce ƙafarta ta yi sanyi. Tahir ya miƙe ya tsaya gabanta.

"Taso, Hajja. Ranar farko ce kawai mai wuya. Zan raka ki har ƙofa."