Rediyon Mota da Buhu Uku na Hatsi

Son a gani ciwo ne, kuma shi ya kayar da Alkasum, mai motar a-kori-kura kat-san-kat da ke jigila tsakanin Damagaram da Hamdara a shekarar fari ta tamanin da huɗu.

A bakin rijiyar Hamdara ya fara ganin Wasila, ranar da motarsa ta yi zafi. Guga sai laka yake kawowa, amma yarinyar nan ta juye masa rabin tulunta.

"Ruwan shan gidanku za ki ba ƙarfe?"

"Mai ƙarfen na bai wa," in ji ta.

Daga ranar yana kiranta Tauraruwa, ita tana ce masa Na Zango, da sunan unguwarsu a Damagaram.

Da ya nemi aurenta, mahaifinta, Malam Nomau, ya ƙi. "Ɗan birni mai turare bai san yunwa ba." Sai da ta sha kuka ya sassauta. "Ba na son atamfa, ba na son goro. 'Ya'yan anza masu ɗaci muke jiƙawa mu ci a gidan nan. Ya kawo hatsi buhu uku ran Juma'a, ƙannenta su ci."

Alkasum ya samu hatsin. Ran Laraba kuwa ya ga rediyon kaset da lasifika biyu a garejin Inusa, mai gyaran wayar mota a unguwar Kara-Kara. Inusa ɗan Hamdara ne, ya daɗe yana son Wasila bai furta ba. Alkasum ya ce a yi musaya.

"Kai, wannan fa hatsin gidan Malam Nomau ne," in ji Inusa.

"Kai dai ja waya! In na shiga da kiɗa, tsohon da kansa zai shimfiɗa mani tabarma."

Inusa ya huda ƙofofin mota, ya ɗaura lasifika, ya karɓi buhunan.

Ran Juma'a Alkasum ya shiga Hamdara kiɗa na tashi, ya tsaya a ƙofar gidan da aka fitar da gawar Delu, autar su Wasila, da safiyar nan. Malam Nomau ya tashi daga zaman makoki, ya leƙa bayan motar, ya ga wayam.

"Kashe abin nan, ka tafi."

Washegari Inusa ya sauke buhu ukun a zauren Malam Nomau, bai nemi komai ba. Bayan sadakar arba'in Wasila ta tare shi.

"Yaya Inusa, me ya hana ka magana tun can?"

"Mai mota yana gaba, gimbiyata, me zan ce?"

"To yanzu faɗi."

Aka ɗaura aurensu da dabino kwano guda, tsoho ya sa albarka. Allah Ya ba su zaman lafiya.

Alkasum kuwa kaset Wasila ta aika masa. Ya saka a sabon rediyonsa, muryarta ta fito tangaran:

"Na Zango, Delu ta cika tana tambaya ko motar hatsi ta iso. Kada ka sake tsayawa a rijiyarmu."

Ga abin da ya rasa: hatsi buhu uku, da Wasila, da hanyar Hamdara, don babu wanda ya ƙara shiga motarsa a garin. Rediyo kam yana nan, yana aiki lafiya lau.