Wanda Ya Yanke Hatimin Shagon Hermila

Da safiyar Litinin, kashegarin zaɓe, Sufeto Anastasio Quero, wanda manyan gari ke kira Tacho, bai ma kurɓi kofinsa ba Maximino Pacheco ya faɗo ofis yana haki. Maximino shi ne jami'in da ke kula da lasisin giya a garin Yaguila, kuma tun da aka ba shi wannan kujera yake tafiya kamar ƙasar ma aronta ya ba mutane.

"Sufeto, an karya hatimin shagon doña Hermila! Na sa an kawo ta, tana ɗakin baya."

Quero ya ajiye kofin. Kowa a jihar Oaxaca ya san dokar: daga Asabar har a gama zaɓe ran Lahadi, ba a sayar da ko ɗigon giya. Wanda aka kama, tara ce da takardar hatimi a ƙofa na 'yan kwanaki, ya yi tsaki ya haƙura. Amma taɓa takardar nan wata magana ce daban. Fayil ne zai tafi wurin mai gabatar da ƙara, daga can sai alƙali, sai gidan yari, lasisi kuma ya tafi ke nan. Motar da ke kai fayil tana tashi ƙarfe biyu na rana.

"Me ya sa ka rufe shagon tun farko?"

"Asabar da yamma na tarar tana cika tulu da giyar meskal. Ta ce kyauta ce. Na ce wa za ki ba? Ta ce in je in tambayi uwata."

Quero ya danne dariyarsa da ƙyar.

Doña Hermila tana zaune a benci, ta naɗe hannu cikin mayafi, ko gezau. Shekara arba'in tana riƙe da shagon da ubanta ya bar mata, ba ta da wani abu a duniya sai shi.

"Doña, wa ya karya hatimin?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Lokacin da na ga dama."

"Da me?"

"Da hannun nan da ya share maka majina kana yaro, Tacho. Kamawa na yi na fizge. Rubuta mana, ko biron ne babu tawada?"

"Kin san inda maganar nan za ta kai ki? Ba tara ba ce. Ɗauri ne, kuma shagon ya tafi."

"Ƙofar ubana ce. Takardar Maximino ba ta isa ta hana ni shiga ba. Ku ɗaure, ai ba a kaina aka fara ba."

Abin ya dami Quero. Ya san matar nan tun yana yawo ba wando, kuma bai taɓa ganin ta amsa laifi ba sai an kwana ana musu. Yau ga shi tun kafin a tambaya ta miƙo wuya. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya ɗauki hularsa ya nufi shagon.

Takardar tana nan manne, rabi a jikin ƙofa, rabi a jikin bango. Ya kai fuskarsa kusa. Babu inda ta yage ko ta tattare. An raba ta daga sama har ƙasa a miƙe, da kaifi, yanka ɗaya. Wanda ya fizge da hannu ba ya barin irin wannan aiki. Doña dai ta shara masa ƙarya.

Ya shiga ciki. Kwalabe na jere, ba a taɓa komai ba, sai tulun da Maximino ya ambata ne babu shi. Ya tsuguna gaban babbar ganga. Daɓen ƙasa ne, kuma ƙurar ta dunƙule a wuri huɗu: gabas, yamma, kudu, arewa. Ya murza ɗaya da yatsa ya shinshina. Meskal ne.

Ya daɗe a tsugune. Duk ɗan garin nan, kafin ya kai ƙoƙo baki, yakan ɗiga wa ƙasa rabonta, amma ɗigo ɗaya ne. Masu ɗiga huɗu mutum iri ɗaya ne: waɗanda ke neman izinin ƙasa kafin su buɗe ta su sa mata mutum. Hannunsu ya saba, ko ina suka buɗe ganga haka suke yi ba tare da sun sani ba. Sai ya tuna ƙararrawar coci da aka buga ran Asabar, ta rasuwar tsoho Abundio.

Maƙabartar tana kan tudu, bayan gari. Ya tarar da mai haƙan kabari, wanda saboda girmamawa ake kira don Cirilo, yana gyara furanni kan sabon tudun ƙasa, adda rataye a ƙugunsa. Tsoho ne ɗan siriri, ya haura saba'in, kuma Hermila ce ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa yake kiranta comadre.

"Sannu da aiki, don Cirilo. Jiya aka binne shi?"

"Jiya da la'asar."

"Da safe fa, kana ina?"

"Layin zaɓe, kamar kowa. Tun da sassafe har rana ta take."

"Wa ka zaɓa?"

"Wanda zai fi cin mu a hankali."

"Mu ga babban yatsanka."

Tsohon ya miƙo hannu a hankali. Quero ya ɗaga nasa, tawadar zaɓe baƙa ƙirin a kai, wadda ko da soso sai ta yi mako. Na Cirilo babu komai sai jar ƙasa a ƙarƙashin farce.

"To ban yi zaɓe ba. Shi ma laifi ne yanzu?"

"A'a. Amma doña Hermila tana tsare tun safe. Ta ce ita ta karya hatimi. Ƙarfe biyu fayil ɗinta zai tafi."

Furannin suka faɗi daga hannun tsohon.

"Ita ta ce? Kai, matar nan da taurin kai! Wa ya aike ta?"

Ya zare addar ya miƙa wa Quero ta wajen ƙota.

"Ga abin da ya yanka. Ni ne. Tulun nan na Abundio ne, kyauta take cika shi, wancan mai kumburin ciki ya zo ya manna takarda. Lahadi da safe gari duk yana layi, na je na ɗauko makulli inda take ɓoyewa, na ƙarasa cika tulun na tafi. Ita ba ta sani ba sai da ta gan shi a bakin kabari."

"Ka san doka, don Cirilo."

"Na san ta. Gwamna ya ce gari ya bushe, amma ya manta bai gaya wa Abundio ya dakata da mutuwa ba. Shekara hamsin ban taɓa sa diga a ƙasa ban shayar da ita ba. Uban Maximino ma da meskal na buɗe masa kabarinsa, kuma Maximino da kansa ya riƙe mini ƙoƙon. Sai Abundio ne za a jefa a busasshen rami kamar kare?"

Quero ya karɓi addar. Tausayin tsohon ya kama shi, haushin aikinsa ma ya kama shi. Ankwa tana aljihunsa, ya bar ta can.

Suka gangaro a ƙafa ta tsakiyar kasuwa, tsohon a gaba, kai a sama, yana amsa gaisuwa.

Da Hermila ta gan shi a bakin ofis, ta miƙe zumbur.

"Wawan tsoho! Wa ya ce ka zo? Na riga na gama magana da su."

"Comadre, kayana ne, ba ni abina. Ke kina da shago. Ni me za su ƙwace, ramukan?"

"Ƙirjinka ba zai iya sanyin wurin can ba, Cirilo."

"Ya iya na maƙabarta."

Quero ya zare sunanta daga fayil, ya miƙa mata mayafinta da ya zame. Tara kawai ta rage a kanta, lasisinta na nan. Ba ta yi godiya ba. Ta juya wa bango fuska tana goge ido, tana zagin Maximino ƙasa-ƙasa.

Magatakarda ya karanta wa tsohon bayaninsa, sannan ya ce, "Don Cirilo, in ka ƙara cewa ka yi nadama, alƙali kan sassauta."

"Rubuta cewa na yanka, na zuba, na binne aminina yadda ya kamata. Nadama kuma, ka bar wurin babu komai."

Ya dangwala yatsansa a tawada ya danna ƙasan takardar. Ƙarfe biyu daidai aka shigar da shi mota.